Isnadin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa barin Tanut da sassafe ya nufi Tenhiya, ya rabu da babbar hanyar Agadas ya shiga turbar da motoci suka shata wa kansu cikin rairayi, inda gonakin hatsi suke raguwa sannu a hankali har ƙasa ta koma ta makiyaya da rijiyoyinsu masu zurfi, ya san da wuya ya kai zango bai ci karo da gawar wata mota ba, kwance a gefen turba, iska ta binne mata ƙafafu, rana ta cinye mata fenti, awaki kuwa sun mai da inuwarta wurin ƙailula. A gindin irin wannan gawa ne, wata rana da tamu motar ta tsaya ana yi wa taya faci, na zauna ina sauraron waɗansu dattawa biyu, abokan tafiyarmu, suna jayayya a kan abin da ban taɓa zaton ya isa a ɗaga murya dominsa ba, wato shekarar da wannan mota ta mutu.

Na farkon ya ce, "Alhaji, ai wannan tun yunwar zamanin Diori take nan. Jar dawar taimako ta ɗauko, inji ya buga, aka sauke buhuna aka ɗora wa raƙuma." Ɗayan ya girgiza kai ya ce, "Haba Malam, Allah ya gafarta maka, shekaru sun sarƙe maka. Shekarar El-Buhari ce, da aka rufe iyaka. Da idona na ga yaran motar suna kwana a ƙarƙashinta suna jiran kayan gyara daga Damagaram." Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai suka juyo gare ni, suka ce, "Kai yaro, kai da ka yi lakwal, raba mu." Na ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara, wannan karatun ba a biya mana shi ba."

Na ji kunya ranar, domin tsakanin ƙaulin wannan da na wancan akwai shekara 10 cur, daga 1974 zuwa 1984, kuma abin da ake saɓani a kansa ga shi a gabanmu ana iya dafa shi da hannu, amma babu ɗayanmu da ya san ta inda ake tambayar ƙarfe har ya ba da amsa. Sai daga baya na fahimci ashe wannan mas'ala tana da ma'abutanta a duniya, har sun mai da ita fanni mai ƙa'idoji da hujjoji, kuma inda suka fi shahara da ita shi ne a kan jar bas mai bene ta birnin Landan.

Bas mai bene, ga wanda bai taɓa ganinta ba sai a hoto, mota ce mai ɗaki biyu, ɗaya bisa ɗaya, da matakala a ciki. Abin da ya haifar da ƙirarta shi ne ƙuncin titunan Landan da yawan jama'arta, har ya zama tun zamanin keken doki ana zaunar da fasinja a bisa rufi, tun da babu halin ƙara wa mota tsawo ko faɗi. A 1910 aka fito da samfurin da ake kira B, mai kujera 34, 16 a ƙasa 18 a sama, saman nan kuwa a buɗe yake, ruwa da sanyi duk na wanda ya hau ne; da yaƙi ya tashi a 1914 aka kwashi fiye da 900 daga cikinsu aka ƙetarar da su don ɗaukar soja a Faransa da Beljiyam. A 1939 aka shigo da samfurin RT, wanda shi da danginsa aka ƙera kusan 7,000, suka yi ta aiki har Afrilun 1979. Sa'an nan sai wadda ta gaje su ta kuma fi su suna, wato Routemaster, wadda aka fara nuna ta a 1954, ta fara ɗaukar fasinja a Fabrairun 1956. Kamfanin AEC na Southall ne ya yi mata inji da ƙafafu, kamfanin Park Royal ya gina mata jiki da alminiyum don ta yi sauƙin nauyi, aka ƙera 2,876 zuwa 1968, gajerarta tana da kujera 64, doguwarta 72, kuma a bayanta akwai dandamali marar ƙofa inda kwandasta yake tsayawa, mai sauri ya ɗafe, mai gaggawa ya dire tun ba ta tsaya ba. Wannan dandamali da ya sa aka so ta, shi ne kuma ya jawo ajalinta, saboda mutane suna faɗowa daga kansa, mai keken guragu ba ya iya hawa, ga shi kuma dole a biya mutum biyu albashi a mota ɗaya. Ranar 9 ga Disamba 2005 bas mai lamba RM2217 ta yi tafiyar ƙarshe a layi na 159, jama'a suka cika titi suna rakiyarta kamar ana sallamar wani babba.

Amma ba a bar su sun tafi bola ba. Akwai gidan tarihin sufuri na Landan da aka buɗe a Covent Garden a 1980, da babban rumbunsa a Acton, akwai kuma gidan tarihin bas da ke Brooklands. Sai dai galibin waɗanda suka tsira suna hannun ɗaiɗaikun mutane ne, tsofaffin direbobi da makanikai da malaman ofis, waɗanda sukan haɗa kuɗi su sayi guda, su yi hayar rumfa, su ƙarar da ranakun hutunsu a ƙarƙashinta. Ana ƙiyasta Routemaster fiye da 1,000 suna nan da ransu. Riƙonsu ba ƙaramar ɗawainiya ba ce, domin motar da tsayinta ya kai ƙafa 14 da 'yan inci, wato sama da mita 4, ba kowace rumfa take shiga ba, ba kowace gada take bi ta ƙarƙashinta ba, kuma ƙasarsu ƙasar damshi ce, inda tsatsa take cin ƙarfe, katakon da ke cikin jikin tsofaffin samfura kuwa ya ruɓe; kayan gyara an daɗe da daina yinsu, har wani lokaci sai an yanka bas ɗaya kafin a raya 'yar'uwarta. La'alla mai karatu ya ce wannan ai aikin ƙoshi ne, wanda bai san kuɗin tiyar hatsi ba shi ke kiwon motar da ba ta kawo ko dala. Ban musa masa ba gaba ɗaya. Amma ya yi mini haƙuri, domin kashe kuɗin bai dame ni ba kamar yadda hanyar tahƙiƙinsu ta ja hankalina, ita kuwa ba ta bukatar dukiya.

Asalin wahalar sanin shekarun bas ta Landan wani wuri ne da ake kira Aldenham, a arewacin birnin. An gina shi da niyyar ya zama ma'ajiyar jiragen ƙarƙashin ƙasa, yaƙi ya zo aka mai da shi masana'antar jiragen sama, daga bisani a 1956 aka buɗe shi a matsayin gidan garambawul na bas, ya yi aiki har 1986. Al'adar wurin ita ce, duk bayan 'yan shekaru kowace bas sai ta je, da zuwanta kuwa a kwance ƙusoshi, ƙugiya ta ɗaga gangar jikin sama ta raba shi da ƙafafu da inji, jiki ya bi layinsa, shasi ya bi nasa. To, da yake gyaran jiki ya fi na shasi daɗewa, ba a tsayawa jiran kowane shasi ya sake haɗuwa da jikin da ya zo da shi. Wanda ya riga gamawa sai a ɗora masa duk jikin da ya samu a shirye. Bugu da ƙari, don kada takardar harajin da aka biya wa mota ta zauna banza tsawon makonnin gyara, sai a ɗauki lambar bas ɗin da ta shigo yau a manna wa wata da aka gama gyaranta take shirin fita yau. Saboda haka direba yakan kai bas da safe, a ba shi wata mai lamba iri ɗaya tana ƙyalli, alhali babu ko ƙusa ɗaya a jikinta da ta taɓa zama a wadda ya kawo. Bas ɗin da ta ratsa Aldenham sau huɗu ko biyar, sunanta na wata ne, jikinta na wata, ƙafafunta na wata dabam.

Wanda ya zauna gaban malaman hadisi zai ce wannan ai tadlisi ne tsagwaronsa, a ɓoye mai ruwaya a sa sunan wani. Abin da ya fitar da shi daga tadlisi abu ɗaya ne: an rubuta. Hukumar sufurin Landan ta ba kowane jiki lambarsa ta kansa wadda ba ta canzawa, ta ba kowane shasi tasa, ta kuma ajiye kati inda magatakarda yake rubuta ranar shiga da ranar fita, da jikin da aka ɗora, da garejin da aka aika da motar. Don haka mai binciken tsohuwar bas a yau ba ya karɓar lambar da aka rubuta da fenti a gefenta, kamar yadda muhaddisi ba ya karɓar matani sai ya ga isnadi. Yakan shiga ciki da fitila ya nemi lambar jiki, ya kwanta ƙasa ya kankare maiƙo ya nemi ta shasi, sa'an nan ya koma ga kati ya bi silsila ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga ranar da ta fito daga maƙera. Inda silsila ta yanke, sai ya nemi shaida daga waje. Tsohon hoto shaida ne, domin tallan da ke jikin motar da lambar layin da ke goshinta da kantin da ke bayanta duk suna iya ƙayyade shekara. Akwai kuma wata shaida da ta ba ni dariya da farko, daga baya ta ba ni kunya: yaran makaranta na shekarun 1950 da 1960 waɗanda abin wasansu shi ne tsayawa bakin titi da ɗan littafi suna rubuta lambar duk bas da ta wuce da ranar da suka gan ta. Iyayensu suna ganin shiririta ce. Yau waɗannan littattafai su ne ruwaya ta biyu da ake ƙarfafa ta hukuma da ita, ko a gyara ta inda magatakarda ya yi tuntuɓen alƙalami.

Misalin da ya fi fito da mas'alar fili shi ne bas ta farko a samfurin RT, wadda ake kira RT1, tana nan a Brooklands. Gangar jikinta ita ce ta 1939 haƙiƙatan, amma shasinta na asali an daɗe da wargaza shi, wanda take kai yanzu na wata bas ce ta bayan yaƙi, RT1420. Shekarunta nawa ke nan? Masu riƙonta ba su ɓoye ba, sukan faɗi duka biyun, su bar mai kallo da hukuncinsa. Lambar rijista ma, wadda jahili yake ɗauka hujja ce yankakkiya, tana da tata illar. Daga 1963 Ingila ta fara sa harafi a ƙarshen lamba don nuna shekara, A ga 1963, B ga 1964, haka har gaba. Wannan ya sa tsofaffin lambobi marasa harafin shekara suka yi daraja, aka riƙa cire su daga tsofaffin bas ana sa wa sababbin motoci, tsohuwar kuma a ba ta wata lambar da ba ta san ta ba. Inji shi ma haka: a shekarun 1990 an cire wa Routemaster da yawa injinsu na AEC da Leyland aka sa musu na Cummins ko Iveco ko Scania. Daga nan ne saɓanin masu gyara yake tasowa, saɓani irin na malamai wanda ba ya ƙarewa, a kan wace shekara ce ta rayuwar mota ta cancanci a mai da ita gare ta: ranar da ta fito sabuwa, ko kamannin da mutanen da ke raye suka san ta da shi. A 2014 gidan tarihin Landan ya gyara wata samfurin B mai lamba B2737, ya fito da ita da jan fentinta na birni, sa'an nan ya shafe ta da fentin soja ya kai ta filayen yaƙin Faransa da Beljiyam don cikar shekara 100, wato ya ba kowane ɓangare rabonsa a shekara ɗaya.

Bas mai bene ta bi Ingilishi zuwa biranen da suka mulka. Ta fara aiki a Bombay ta Indiya a 1937, tsofaffin samfuranta ba su sauka daga titi ba sai a Satumban 2023. Sri Lanka ta sayi kwancen Landan. A Johannesburg akwai gidan tarihin sufuri da ya adana nasu. Yankinmu na Damargu kuwa ba ƙasarta ba ce, kuma ba a yi mana rowa ba, domin mota ce ta kwalta mai santsi da tafiya gajera, cikinta yana kusa da ƙasa, kanta yana sama, rairayin da ke tsakanin Belbeji da Tanut zai kafe ta tun ba ta yi nisa ba. Amma in an bar suna an dubi ma'ana, mu ma muna da tamu mai bene, kuma duk wanda ya ga babbar mota ta taso daga kasuwar Tanut, buhunan hatsi da tabarmi da jarkoki sun cika ƙasa har sun kumbura ta gefe, mutane kuma sun jeru a bisa kaya da rawunansu, ƙafafu suna lilo, ya ga hawa biyu ba tare da matakala ba. Ita ce ta gaji ayari, direbanta ya gaji madugu, kuma ita ce ta kai mu asibiti da kasuwa da ci-rani shekara da shekaru. Abin tambaya shi ne me muka ajiye daga gare ta.

Hanyar nan tamu ba baƙuwa ba ce a tarihin mota. A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, waɗanda suka taso daga Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba, suka biyo ta Yamai suka sauka Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, suka wuce Tafkin Chadi. A 1933 Georges Estienne ya kafa kamfanin SATT, wanda motocinsa na fasinja suke tasowa daga birnin Aljas su ratsa In Salah da Tamanrasat da Agadas, su gangaro ta cikin Damargu zuwa Damagaram da Kano. Ke nan kakanninmu sun ga bas mai ƙetare Sahara tana wucewa ta ƙofar gidansu tun kafin a haifi RT ta Landan. Daga Nuwamban 1959 zuwa Janairun 1960 manyan motoci 9 na kamfanin Berliet, samfurin Gazelle, suka keta Tenere daga Janet zuwa Chadi. Bayan samun mulkin kai kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, ya ɗauki nauyin kaya da fasinja, daga baya kuma aka shimfiɗa hanyar yuraniyom ta Tawa zuwa Arlit, wadda ta janye wani kaso na zirga-zirgar arewa daga tamu hanyar.

To, ina waɗannan motoci? Wanda yake son ganin irinsu sai ya tafi Faransa, inda gidauniyar Berliet, wadda aka kafa a Lyon a 1982, ta tara motoci fiye da 200 tare da takardun masana'anta, har da ƙatuwar T100 ta 1957 da aka ƙera don aikin man fetur a Sahara. Mu kuwa, abin da muka adana daga wannan babi shi ne wanda mota ta kashe: itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta banke a 1973, aka ɗauko gawarsa aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai aka gina masa rumfa. Ban ce bai cancanta ba. Amma abin lura ne a ce al'ummar da ta iya haddace nasabar raƙumi da ta doki, ta san rijiyar da kakan kakanta ya haƙa, ba ta iya faɗin sunan motar da ta fara shiga garinta ba. Abin takaicin kuma shi ne Allah ya ba mu abin da mutanen Ingila suke saye da tsada, wato busasshiyar iska wadda tsatsa ba ta sauri a cikinta, har shasin da zai narke a shekara 20 a can yana iya yin shekara 50 a nan lambarsa tana karantuwa.

Karanta gawar mota ba gagara ba ne, in an san inda ake dubawa. A fara da sitiyari: in yana dama, akwai rinjayen zato cewa an sayo motar ne don Nijeriya kafin canjin hannu na ranar 2 ga Afrilu 1972, ta shigo mana ta Kano, domin Nijar ba ta taɓa tuƙi irin na Ingila ba. A dubi tambarin goshi: in an ga hoton kan jirgin ƙasa, Berliet ce, sunan da aka daina sa wa motocin Faransa wajen 1980 bayan an haɗe kamfanin da Saviem ƙarƙashin Renault. Amma kada a ruɗu da kamanni, musamman ga Marsandi mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959 aka ci gaba da fitar da ita da fuska kusan iri ɗaya har 1995, har ana haɗa ta a Inugu. Biyu suna iya tsayawa gefe da gefe kamar tagwaye alhali ɗaya ta haifi ɗaya. Hujja mafi ƙarfi ita ce lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, da ɗan allon ƙarfe da masana'anta take kafewa a ƙofa ko kusa da inji. Daga 1981 aka daidaita wannan lamba ta zama harafi da alƙaluma 17, babu I babu O babu Q a cikinsu, ukun farko suna nuna ƙasa da kamfani; wadda ta gaza haka galibi ta girmi wannan shekara. Taya ma tana magana, domin tun daga 2000 alƙaluma 4 na ƙarshen lambarta mako ne da shekara, kafin nan kuwa 3 ne, sai dai shaidarta a kan ƙarshen aikin mota take, ba a kan farkonsa ba. In allon rijista bai ɓace ba, a tsarin da aka daɗe ana bi alƙalamin farko jiha yake nunawa, 1 Agadas, 7 Damagaram, 8 Yamai.

Sa'an nan a tuna mu ma muna da Aldenham ɗinmu, ba ɗaya ba, a kowane gareji. Babbar mota takan zo ne da kai da shasi kawai, kafinta da mai walda su gina mata bodi, in ya tsufa a sake wani. Inji ya mutu a ciro na wata a dasa. Akwatin giya daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ƙafar baya daga wata da ta faɗi a hanyar Agadas. Makanikanmu sun yi abin da injiniyoyin Landan suka yi, da kayan aikin da bai kai ushirin nasu ba, kuma sun riƙe motoci a raye shekarun da masu ƙera su ba su yi mafarki ba. Bambancin kawai babu magatakarda a bakin ƙofa. Katinmu yana cikin ƙirjin mutane: tsohon direba, da yaron motar da ya zama maigida, da ɗan kamasho da ya yi shekara 40 a tasha, wanda zai gaya maka motar wane ce, daga hannun wa ya saye ta, wane kirari aka rubuta mata a goshi, da shekarar da aka sake mata bodi. Wannan ruwaya ce karɓaɓɓiya in an bi ta da sharuɗɗanta, wato a rarrabe ganau da jiyau, a tambayi mutum biyu ko uku ba a zama ɗaya ba, a ɗaure maganarsu da abin da aka san shekararsa, kamar juyin mulkin Kunce na 1974 ko rasuwarsa a 1987, a kuma rubuta sunan wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi.

Da na sake bin hanyar Tenhiya na tafi da kananzir da tsumma da guntun ƙarfe, na roƙi direba ya tsaya, ya tsaya yana mita. Na tone rairayi, na kankare shasin nan har lamba ta fito, na ƙirga ta sau biyu, ba ta kai 17 ba, mazaunin sitiyarinta kuma yana hagu. Na yi murna na ɗan lokaci, ina cewa na samo wa dattawana hukunci, kafin na farga cewa ban samo kome ba: motar da aka ƙera kafin 1981 tana iya mutuwa a 1974, tana kuma iya mutuwa a 1984. Ƙarfe ya ba ni labarin haihuwa, su kuwa a kan mutuwa suke jayayya, wannan kuma babu mai raba ta sai mutum na uku da ya ga abin da idonsa, ko wata takarda da ke kwance a akwatin magadan mai motar. Har yau ban raba gardamar ba, kuma ɗaya daga cikin dattawan ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

A halin yanzu masu sayen tsohon ƙarfe suna bin ƙauyuka da sikeli, suna yanka abin da suka samu suna lodawa kudu, alminiyum ya tafi wurin masu zubin tukwane, sauran ya tafi narka. Ban ga laifinsu ba, sana'a ce ta halal, kuma wanda ya sayar da gawar motar mahaifinsa ya sayi hatsi a shekarar fari bai yi abin zargi ba. Ba na kuma kiran kowa ya gina rumfa irin ta Brooklands. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ƙungiyoyin direbobi na Tanut da Belbeji su ajiye kundi guda a ofishinsu, a zaunar da tsofaffinsu ɗaya bayan ɗaya a rubuta motocin da suka tuƙa da masu su da hanyoyin da suka bi. Ƙananan hukumomi su zaɓi babbar mota ɗaya tak, wadda aka san silsilarta, a saye ta da kuɗin ƙarfenta a kai ta gidan tarihi na Damagaram ko a kafe ta a bakin tasha. Malaman makaranta kuma su aiki almajiransu da littafi da fensir, kamar yaran Landan na da.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan gawa a bayan gidanku ko a bakin rijiyarku, kafin mai sikeli ya iso ka ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe da wayarka, ka kankare shasi ka kwafe lambar harafi bayan harafi, ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a tasha ka tambaye shi, sa'an nan ka rubuta sunansa da ranar da ya gaya maka a ƙarƙashin lambar.